Rantsuwar Ilu da Jan Tauraro

Yayana Ilu mutum ne mai saurin rantsuwa. Abin da wani zai ce "to" ya wuce, shi sai ya kira sunan Allah sau uku. Ni Kande ƙanwarsa ce ciki ɗaya, don haka ba gulmarsa nake yi ba, abin da na gani nake faɗa.

A shekarar ina aure a Gagarawa, su kuma suna gida Sule Tankarkar: Iya, da babban yayanmu Mati, da Ilu, suna noma gandu ɗaya tun rasuwar Baba. Ana tsakiyar damina sai ga Ilu a ƙofar gidanmu da sanda da jakar fata, ƙafa duk laka. Sai da ya shanye ƙwaryar fura kafin ya buɗe baki. Wai sun fito sallar asuba, Mati ya faɗa masa a gaban jama'a cewa ba don tukunyar gandu ba, da ko kwana bakwai ba zai iya ci da kansa ba. Shi kuma gogan naku ya ɗaga hannu sama, ya nuna wani jan tauraro, ya ce wallahi tallahi billahi ba zai sake taka ƙasar Sule Tankarkar ba sai tauraron nan ya iske Kaza da 'ya'yanta.

Kaza kowa ya san ta, 'yan taurarin nan da ke cure wuri guda. Jan tauraron ne ban sani ba.

Na ce, "Yaya, tauraro yana tafiya ne da zai iske wani?"

Ya yi mini kallon wadda ba ta san komai ba. Shi ne mai shayar da shanun gandu, kullum kafin gari ya waye yana bakin rijiya, kuma tun farkon damina yake lura da wannan jan. Sauran taurari kowa na zaune inda Allah ya ajiye shi kusa da maƙwabcinsa, wannan kuwa kullum sai ya ɗan matsa gabas, wajen Kaza. Har awo ya yi masa. In ya miƙe hannu ya dunƙule, tsakaninsu dunƙule biyu ne, kuma tauraron yana cin dunƙule ɗaya a kwana ashirin. Kwana arba'in ke nan. Kun ji wayo: sauran noma ya wuce shi, Mati ya sha wahala shi kaɗai, shi kuma ya koma daidai girbin gero yana hura hanci.

Da fari abin ya tafi yadda ya ce. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya tsaya jikin rumbunmu, ya miƙe hannu, ya kanne ido ɗaya, ya ja layi da gawayi. Kafin a yi sati uku dunƙule ɗaya ya tafi. Har ya fara wanke rigarsa ta komawa.

Daga nan tauraro ya fara nawa. Kwana arba'in ya cika, tsakani bai ƙare ba, akwai kusan dunƙule guda. Ilu ya ce ai ko jaki yakan gaji gab da gida. Aka yi sati, tauraro yana nan inda yake, ko gezau. Aka ƙara sati. Ran nan da asuba na ji yana kirana ƙasa-ƙasa, muryarsa ba daɗi.

"Kande, zo ki auna mini. Ina jin hannuna ne ya motse."

Na auna, na sami dunƙule da yatsa uku. Ya ce hannuna na mata ne. Aka taso maigidana, shi ya sami dunƙule ɗaya cif, amma ashe wani tauraron daban yake aunawa. Muka tsaya mu uku, manya da mu, hannuwa a sama kamar masu kakkaɓo tsamiya, kowa na musu. Maigidana ya ce wataƙila Kazar ce ke gudu. Na ce in Kaza na gudu ai da an gani, taurarin da ke kewaye da ita suna nan yadda suke. Kwana biyar bayan haka musu ya ƙare, don ko makaho ya shafa ya san jan tauraro ya juya, baya yake komawa, yamma, hanyar da ya fito.

Aka girbe gero ba Ilu. Dawa ta nuna. Tauraron ya ƙara girma, ya ƙara ja, har ya koma fitowa tun magariba, sai ka ce da gayya, don mu gan shi da kyau yana nisa. Dunƙule ɗaya ya koma biyu. Ilu ya rame. Yau ya ce Mati ne ya kai sunansa wajen boka, gobe ya ce a'a, alhakin Iya ne, jibi ya ce anya ma wannan ne tauraron da ya nuna? Ni kaina na rikice, don ban taɓa jin abin sama ya fasa tafiya ba. Rana ba ta yi, wata bai yi.

Ana cikin haka wani mai jaki da ke sayar da kanwa ya biyo da saƙo daga gida. Iya na kwance, ƙafafu sun kumbura, ko kunu ba ya wucewa, kuma ba sunan da take kira sai na Ilu.

Na ce masa, "Tashi mu tafi."

Ya ce, "Da sunan Allah uku a wuyana? In na taka garin nan abin ya faɗa kan Iya fa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa masa maganar da ƙanwa ba ta faɗa wa wa. Amma na ga tsoro ne a idonsa na gaske, ba taurin kai kaɗai ba. A ƙarshe muka shirya a kan mu biya ta Gumel, tunda kan hanya ce, mu ga Malam Cindo, wani dattijo da aka ce ya karanci ilmin taurari.

Mun same shi da hantsi a zaurensa yana ɗinkin hula. Ilu ya durƙusa ya zayyana masa komai, har da dunƙule. Malam ya ajiye allura, ya dube shi.

"Sunansa Mirrihi," in ji shi. "Ba wanda ya yi maka asiri. Halinsa ke nan tun kafin a haifi kakanka. Duk shekara biyu da 'yan watanni sai ya tsaya, ya ja da baya kamar kwana saba'in, sannan ya miƙe. Taurari biyar ne masu tafiya, kuma duka suna yi. Kai dai ka lura da shi wata biyu ka ɗauka ka san shi."

Ilu ya ce, "Allah gafarta Malam, me ya manta a baya da yake komawa?"

Malam ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana babban zobe, ya zana ƙarami a bakinsa. Ya ce littafi ya ce tauraron kamar akuya ce a turke, tana kewaya turkenta, shi kuma turken yana tafiya gabas a kan babban zoben. In akuyar ta zagayo ta wajenmu, sai mu ga kamar baya take yi.

Ilu ya ce, "To wa ke jan turken?"

"Wanda ya kafa shi."

"Kenan bai koma baya ba?"

"Ya koma, a idonka."

"A idona kawai? To a wajen Allah ya iske Kazar ko bai iske ta ba?"

Malam ya ce bai iske ta ba, ya ƙara da cewa ko ranar da za a ga ya iske ta ɗin, ba haɗuwa suka yi ba, don Kaza tana can sama nesa da shi, wucewa kawai zai yi ta gabanta. Sannan, kamar wannan bai ishe mu ba, ya ce wani ɗan'uwansa da ya yi karatun Nasara ya gaya masa wai ba turke ba akuya, ƙasar nan da muke zaune a kai ce ke gudu tana kewaya rana, ta zo ta wuce Mirrihi kamar mai doki ya wuce mai jaki, sai mai doki ya ga jaki na komawa baya. Ya ce shi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni dai na dafa tabarma da hannu biyu. Na zo da ruɗani ɗaya, ga shi an ba ni uku.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni tambayata ɗaya ce. Yaushe?"

Ya ƙirga a yatsu. "Sauran kamar kwana ashirin ya juyo. Kafin ya kai Kaza kuwa, wata uku."

Na ce, "Iya ba za ta kai sati ba."

Sai a lokacin Malam ya ji zancen Iya, don Ilu ya cika shi da tauraro bai ambace ta ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce rantsuwa irin wannan ai kaffara gare ta, a ciyar da miskinai goma, in babu hali a yi azumi uku, kuma wanda ya rantse a kan yanke zumunci, karya rantsuwar ce ta fi. Ya ce, "Ka tako tun daga Gagarawa kana tambayata sama, alhali amsarka kowane limamin ƙauye ya san ta. Tashi ka tafi wajen uwarka."

Na ce shi ke nan an gama. Ina! Muna tafe Ilu na saƙawa yana kwancewa. In tauraron bai koma baya ba sai a ido, to rantsuwar a kan ido take ko a kan gaskiya? In kuma ba za su taɓa haɗuwa ba, ashe ya rantse har abada ke nan? Kaffarar ma, kafin a shiga ake yi ko bayan an shiga? Malam ya faɗa, amma ni da shi kowa da abin da ya ji. Da la'asar muka iso wata kuka da ke bakin gonakin garinmu, ya toge. Ya ce nan ne iyaka, zai fara azumi gobe, in ya cika uku ya shigo, don ya fita shakka.

Na roƙe shi, na zage shi, na yi kuka. Na bar shi nan na shiga gari ni kaɗai.

Iya ta zama ƙashi da fata, sai ƙafafu. Da na faɗa mata inda Ilu yake da dalili, ta juya ta nemi Mati da ido. Can ta ce, "Mati, goya ni."

Mati ya ce, "Iya, a wannan halin?"

"Ni ban rantse ba."

Mati ya goya ta, ina biye da zane. Mutumin da ya fara faɗan nan, shi ya kai ta har kukar yana haki. Ilu na hango mu ya miƙe, sandarsa ta faɗi. Muka zaunar da ita a jikinsa. Ta shafa fuskarsa, ta ce ya rame, ta tambaye ni ko ba na ba shi abinci ne. Ba ta yi zancen tauraro ba, ba ta yi zancen rantsuwa ba. Da rana ta yi ja ta ce tana jin sanyi.

Mati ya juya baya ya durƙusa. Ta ce, "Kai ka gaji. Ilu, mai da ni gida."

Ban ga Ilu ya yi tunani ba. Ya durƙusa, muka ɗora ta, na ɗaure da zane, ya kama hanya. Ya ratsa gonaki, ya wuce rijiya, ya wuce masallacin da ya yi rantsuwar, mutane na kallo, shi yana ta ba ta labarin Gagarawa. Da muka shiga ɗaki na kwance zanen, sai muka tarar rai ya yi halinsa.

Ilu ya yi azuminsa uku bayan sadakar bakwai. Ya rayu shekara talatin bayan haka, kuma ba zuwan da zan yi gida bai ja ni gefe ba ya ce, "Kande, ke kina baya. A ina hannunta ya saki wuyana? Kafin gonaki, ko bayan na shigo? Ta san na shigo?"

Ina bayan kuwa, taku biyu tsakaninmu. Wallahi ban gani ba.