Cokali a Cikin Kofi

Ƙarar ta bango ta shigo: kilin, kilin, kilin. Mai gyaran agogo ya tashi zaune, ya bi agogunan ɗakinsa da kunne ɗaya bayan ɗaya. Babu mai irin wannan murya. Ya ce a ransa, ashe aljanu ma sun fara shan shayi.

Da safe ya leƙa wurin maƙwabciyarsa, tsohuwar tela mai ciwon suga, wadda kumburin ƙafa ya raba ta da keken ɗinki. Jikarta 'yar shekara bakwai, da ake kira Tsuntsuwa, tana kwance a tabarma riƙe da ciki.

"Iya, wa ke kaɗa ƙararrawa a ɗakinku da dare?"

"Likitata ce," in ji tsohuwar, tana nuna jikar. "Ranar da sugana ya sauka na sume, ita kaɗai ce a gida. Malamar asibiti ta ce mata in ta ga ina gumi ina karkarwa, ta ba ni ruwan suga. Shi ke nan fa. Kullum sai ta dama ta ajiye, ta zauna gadin numfashina."

Ya durƙusa gaban yarinyar. "Amaryata, ba kya barci?"

"In na yi barci wa zai gani?"

Yarinyar kuwa sai ramewa take yi. Ciwon ciki, ciwon kai, har fitsarin kwance ya dawo. Uwarta, mai aikin dare a gidan burodi, ta kai ta aka auna jini don tsoron ko ta gaji ciwon sugan. Babu komai. Likita ya ce damuwa ce.

"Damuwar me," in ji uwar, "ita ke cefane?"

Mai gyaran agogo ya kawo wa yarinyar ƙaramin agogo mai kuka. "Wannan zai karɓe ki gadi."

Tsuntsuwa ta juya shi gaba da baya. "Kaka, ya iya dama suga?"

Bai iya ba.

Tsohuwar ta cika a asibiti da rana tsaka, ƙoda ce ta gaza, likitoci na tsaye a kanta. Gida ya cika da masu gaisuwa. Duk wanda ya ga yarinyar sai ya ce, "Je ki waje ki yi wasa."

Daren nan ma ƙarar ta shigo ta bango.

Gari na wayewa ya yi sallama. Mata na zaune a tsakar gida. Ta ƙofar ɗaki ya hango gadon an yaye shimfiɗa, Tsuntsuwa ta jingina da ƙafar gadon, idonta biyu.

"Allah Ya ba mu haƙuri," ya ce. "Shin a cikinku akwai wadda ta gaya wa yarinyar nan an sallame ta daga gadi?"

Uwar ta sunkuyar da kai. A gefen gadon, tururuwa sun yi layi suna hawa kofin ruwan sugan da yarinyar ta dama.