Ƙyaure Biyu a Ƙirjin Kafinta

"Ɗaga rigar, Baba. Sama sosai."

Kafinta ya ɗaga. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, ni na kawo shi asibitin a motata. Tun da na san shi ban taɓa ganin ƙirjinsa ba, ko a tsananin zafi da riga yake aiki, maɓalli har wuya. Yau ga haƙarƙarinsa a fili, ɗalibai sun kewaye gadon sun tare iska.

Babban likitan ya ɗaga hoton ƙirjin ya juya mana baya.

"Irin wannan sai ku tsufa ba ku sake gani ba. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, ta hagu take lanƙwasa. Tasa ta dama ta bi, reshenta ya zagaya ya matse masa maƙogwaro, shi ya sa abinci ba ya wucewa. Ƙofar da jini ke fita kuma ƙyaure uku gare ta. Tasa biyu ne, sun ƙandare."

"Ka ji, Direba," Kafinta ya ce mini, numfashi na yanke masa. "Na gyara ƙofofin mutane, ashe tawa ce ba ta cika ba."

Ba wanda ya yi dariya, don ba wanda ke sauraren bakinsa. Ƙirjinsa suke so. Suka yi layi, kowa ya manna masa ƙarfen sauraren zuciya. Wani yana taunar cingam a saitin fuskarsa. Wata ta ɗago tana murmushi ta ce, "Kai, wannan ƙarar da daɗin ji take!" Na bayanta ya ɗaga waya yana ɗauka.

Tari ya sarƙe shi. Ɗan shayin da ya sha da safe ya dawo, rabi a kwano, rabi a gemunsa. Wanda layi ya zo kansa ya janye takalminsa kada ya ɓaci, ya ce, "Riƙe numfashi kaɗan, Baba, ban ji sosai ba."



Auta, 'yarsa da ta rage a gabansa, ta kutsa ta goge masa gemu da gefen mayafinta.

"'Yarsa ce?" in ji likitan. "Wannan ciwo yakan bi jini. Ya kamata a duba ta."

Idanu suka koma kanta gaba ɗaya, kuma ba fuskarta suke kallo ba.

"Ko mu saurari nata yanzu?" in ji mai cingam.

Kafinta ya sauke rigarsa. Ya saka maɓallan duka.

"Direba, kai ni gida."

Likitan ya yi maganar tiyata, ya ce tafiyar da haɗari. Gaskiya ya faɗa. Na roƙi Kafinta a mota ya yarda a yi tiyatar, na roƙe shi a ƙofar gida. Ya ce in bar shi.

Bai daɗe ba bayan nan. Ƙafafunsa suka kumbura har silifa ta daina shiga. A zaune yake barci, a kujerar da ya haɗa da hannunsa, a shagonsa na bakin gida inda warin katako ke sa shi jin sauƙi. Auta kuwa ta rantse ba mai ɗora mata ƙarfe a ƙirji.

"Kakanki a tsaye ya faɗi," ya ce mata wata rana a gabana. "Baffanki ma haka. Ba mu san me ke ɗaukarmu ba. Yanzu mun sani. Ki je."

"In je su yi layi a kaina, Baba?"

Ya dube ni. "Ka nemo mata inda ake rufe ƙofa."

Wata rana da hantsi Kafinta ya cika, a kujerar, Auta ta shiga ɗauko masa ruwa.

Muna zaune ana gaisuwa, mai wankin mota na layinmu ya matso ya miƙo mini waya. "Ba marigayi ne wannan ba? Ana ta turawa." Ga ƙirjin, ga gemun, har da rubutu a ƙasa. Na tashi na zagaya bayan shago na tofar da yawu, na daɗe a can.

Bayan an watse, Auta ta ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Kawu, ka samo wurin?"

Na samo. Ƙaramin asibiti ne, likitar mace, ita kaɗai a ɗakin. Auta ta cire takalmanta ta shiga, aka ja ƙofa.

Na zauna a benci. Wata tsohuwa tana goge ƙasa da tsumma, tana tahowa a hankali. Da ta iso kan takalman sai ta ɗaga su, ta goge wurin, ta mayar da su a jere, fuskarsu na kallon waje.