Man Kaɗanya a Safar Pak Cik Hamdan

"Kada ki ja da ƙarfi, za ta tsage," in ji Pak Cik Hamdan daga kan gado.

Barira ta saki. Abin da ke kan cinyarta safar hannu ce ta fata, irin ta 'yan wasan besbol, ta bushe ƙamas kamar kilishin bara, ta rufe baki ruf a kan wata tsohuwar ƙwallo. Tun da ita da mijinta Ado suka zo karatu ƙasar nan suke ƙofa da ƙofa da tsohon nan a wani bene a unguwar Sentul, suna ce masa Pak Cik, wato Kawu. Shi ya koya musu hawa jirgin ƙasa, shi yake rataye musu tapau, wato ƙunshin abinci, a ƙofa idan azumi ya zo. Amma sai yanzu da ciwon zuciya ya kwantar da shi, likitoci suka ce a mayar da shi gida, ta san da safar.

"Ta mahaifina ce," ya ce. "Ɗan wasa ne a ƙasarsu Japan lokacin yaƙin duniya na biyu. Duk ƙungiyar da aka kwashe mata samari zuwa soja, sai a yi musayarsa a toshe gurbi. Wani sa'in a tashar jirgi yake jin an ba da shi. Ya sauya riga, ya sauya gari, bai taɓa yin ƙorafi ba. Musayar ƙarshe kaki aka ba shi, aka turo shi nan. Yaƙi ya ƙare, ya musulunta, ya auri uwata, ya kama aikin gyaran jiragen ƙasa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Yakan ce komai nasa sun yi musaya da shi, ban da wannan. Ni kuma na kulle ta a akwati don tsabar so, har ta ƙi buɗuwa. So nake in sa hannuna inda ya sa nasa kafin in tafi."

Salmah, 'yarsa, ta girgiza kai. Ta riga ta kai safar shaguna, kowa ya ce fatar ta mutu.

Barira kuwa jikar dukawa ce, a cikin warin fata ta yi rarrafe. Ta shinshina safar, ta danna ta da babban yatsa, ta ce, "Boleh, Pak Cik, zai yiwu. Amma ba yau ba."

Ta ɗauko ɗan guntun man kaɗanyar da ta zo da shi daga Kano. Kullum bayan la'asar sai ta narka kaɗan a tafin hannu, ta bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya tana murzawa, sannan ta naɗe safar a tsohon zane ta ajiye inda rana ba ta kai.

"Ke da supervisor ke jiran chapter ɗinki, kin koma dukanci?" in ji Ado. "Ki sa ta a ruwan zafi mana ki huta lah."

"Ruwan zafi? Wallahi da kakana ya ji ka, da ya fasa ba ka ni."

Dariya ta yi, amma tsoro ne fal cikinta. Fata ba ta son gaggawa, shi kuma ciwo ba ya jira. Safar tana laushi, tsohon yana ƙarewa. Ya daina zama, ya daina cin abinci sai ruwan shayi. In ta leƙa, ba ya tambaya, hannunta kawai yake kallo. Wannan haƙurin nasa ya fi komai karya mata zuciya.

Ranar wata Laraba da hantsi, bayan ruwan sama ya ɗauke, ta tura yatsu a hankali, sai babban yatsan safar ya ɗaga. Ƙwallon ta faɗo ta gangara ƙarƙashin kujera. Barira ta zaro ta, ta ruga ɗakin tsohon, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Ta durƙusa a gefen gadon, ta kama hannunsa na dama za ta zura masa. Ya janye, ya miƙo ɗayan.

"Hagu, Pak Cik?" Ita dai a gidansu ko gishiri ba a karɓa da hagu.

"A wannan wasan hagu ce ke karɓa, 'yata. Hannun dama aikinsa bayarwa."

Hannun ya shige kamar an auna. Ya rufe ido ya daɗe, yana motsa yatsu a ciki. Sannan ya ce ta ja baya ta jefo ƙwallon. Ta jefa a hankali, kamar mai miƙa wa yaro lemo. Safar ta kama ƙwallon, ɗaf. Tsohon ya yi dariya har da tari, Salmah ta juya fuska bango.

Ranar Juma'a ya cika, kafin a kira salla.

Bayan an watse daga zaman makoki, Salmah ta buga musu ƙofa da safar a hannu. "Ya ce a ba ki. Wai kada ta sake komawa akwati."

Barira ta karɓa da hannu biyu. Da ta rufe ƙofa, ta tsaya a bakin taga, ta zura hagunta ciki. Ta yi mata yawa. A ƙasa jirgi yana wucewa ta Sentul, ɗakin duk ƙanshin man kaɗanya.