Kular Lauratu

Ranar Lahadin godiyar kaka, kowane gida yakan kawo abinci coci, a jera a kan tebura ƙarƙashin bishiyar mangwaro, a ci tare bayan sujada. Shekara ashirin da biyu Lauratu tana kawo faten acca a jar kula, sunanta rubuce da jan farce a murfin. Ba a taɓa rage mata ko cokali ɗaya na faten ba.

A watan Yuni ta rasu. Mijinta Nehemiya, tsohon direba, ko shayi bai iya haɗawa ba. Amma ya ƙudurta kular ba za ta yi fashi ba bana.

Ranar Asabar ya yi sallama a gidan Zuwaira, maƙwabciyarsu a unguwar Magajiya, wadda ta sha taya marigayiya wanke acca.

"Baba, ka bari in dafa maka mana," in ji ta.

"A'a, 'yata. Faɗa mini dai yadda take yi."

Ta faɗa masa dalla-dalla, ta sake maimaitawa, yana rubutawa a bayan kalanda. Da safe ya dafa, ya ɗauki kular da hannu biyu zuwa coci.

Bayan Fasto ya sa albarka, aka buɗe kuloli. Ga shinkafa dafa-duka, ga alale, ga sakwara da miyar agushi daga gidan Oladipo, ga masa. Layi yana tafiya. Duk wanda ya iso kan jar kular sai ya dubi murfin, ya sunkuyar da kai, ya wuce.

Nehemiya yana zaune a benci da faranti babu komai a ciki. Ya ce a ransa, sun san namiji ne ya dafa. Ya fara tunanin yadda zai koma gida da ita cike, ya wuce ta ƙofar Zuwaira.

Adaeze, shugabar zumuntar mata, ta zo ta rusuna kusa da shi.

"Baba, mene ne a ciki? Mun ɗauka ka kawo ta ne don tunawa da Mama. Ba wanda ya iya taɓa ta."

"Fate ne," ya ce. "Ni na yi."

 Sai ta tashi ta buɗe murfin, tururi ya tashi da ƙamshin yakuwa. Ta ɗeba, ta kai baki, ta runtse ido.

"Kai, Baba! Ina gyaɗar?"

Ya zaro takardar kalandar daga aljihu ya duba. Ga ta nan a layi na huɗu. Ya tsallake ta.

"Tana gida a cikin leda," ya ce a hankali.

Wata tsohuwa ta yi dariya tana share hawaye da bakin zane, ta miƙo farantinta. Sai layi ya juyo. Tsami ya yi yawa, kowa ya faɗa masa, kowa kuma ya cinye nasa.

Da aka watse, Adaeze ta wanke kular da kanta. Harafin ƙarshe na sunan ya kusa gogewa. Ta ciro jan farce daga jaka ta bi shi a hankali, ta hura har ya bushe, ta miƙa masa.

"Baɗi a sa gyaɗa, Baba."

"Za a sa," ya ce.