Layi Na Arba'in Da Biyu

Manaja ya turo ƙofa da ƙafa, takarda a hannu.

"Asibiti sun kira sau huɗu. Tun safe ba sakamakon gwajin da ya fita. Wa ya taɓa manhajar?"

Dogo, babban injiniyan kamfanin, bai ɗago ba. Ya riga ya ga inda ɓarnar take. Shekara shida da suka wuce ya rubuta ɓangaren manhajar da suke kira ajin uwa, wanda ajin kowane irin gwaji ke gado daga gare shi kamar ɗa. A lokacin gwajin jini kaɗai ake yi, sai ya yi ganganci: a layi na arba'in da biyu ya sa uwar ta riƙa zura hannu cikin ajin jini tana ɗauko rukunin jinin da kanta. Jiya aka ƙara ajin fitsari. Uwar ta lalubi rukunin jini a jikinsa, ta rasa, komai ya tsaya cak.

"Ni na ƙara sabon ajin, ranka ya daɗe," in ji Sabuwa, wadda ke watanta na uku na gwajin aiki. "Amma..."

Ta juyo ta kalli Dogo. Mako biyu ke nan da ta kawo masa gyara: uwar ta ambaci aikin kawai, kowane ɗa ya cika nasa. Dariya ya yi mata.

"Ƙanwata, ina wannan aikin tun kina koyon riƙe cokali."

Yanzu kalma ɗaya take jira daga bakinsa. Dogo ya gyara zaman tabarau, ya ci gaba da kallon allon kwamfuta.

"Ba amma," in ji Manaja. "Aikinki ya ƙare a nan. Ki ajiye katinki na aiki a ofishin ƙasa."

Ba ta yi gardama ba. Ta naɗe cajarta, ta ɗauki kofinta, har da ce wa Dogo, "Sai wani lokaci, Yaya."

Minti goma aikin ya ɗauki Dogo. Ya tono gyaranta daga inda ya yasar da shi, ya ɗora, ko harafi bai canja ba. Asibiti suka kira da godiya.

"Tsohon hannu daban ne," in ji Manaja, yana dafa kafaɗarsa.

Da ya fita, Dogo ya buɗe gurbin da ake rubuta wanda ya yi gyara. Ya goge sunansa, ya sa nata, ya danna.

Allon ya amsa da jan rubutu: babu ma'aikaci mai wannan suna.