Ranar da Aka Zo Yanke Alkamar Dogo

Cutar tsatsa ta shigo gonakin alkama ne daf da zangarniya za ta cika. In ka shafa ganye, sai tafin hannunka ya yi ja kamar ka murza bulo. Kowa a kwarin sabon iri ya shuka, mai tsayi ɗaya, cutar kuwa ta bi su kaf.

Dogo ne kaɗai ya shuka tsohon irin da mahaifiyarsa ta bari. Gonarsa ba ta da kyan gani: wata alkamar doguwa, wata gajera, wata mai gashi, wata babu. Mutane suka ce wannan tarkacen ne ya jawo musu bala'i.

Da hantsi yana buɗe wa ruwa hanya ya hango mutanen tafe da lauje, kawunsa a gaba. Dogo ya kira malamar gona a waya, ta ce ga ta nan.

"Matsa, ɗana," in ji Kawu. "Ba faɗa ya kawo mu ba."

"Kawu, gonata ce fa."

"Taka ce. Amma dubi tawa, ta ƙone ƙurmus. Me zan ba iyalina?"

"Wallahi ba daga nan ta fito ba. Ku dai jira malama."

Ba wanda ya saurare shi. Lauje ya fara aiki daga gefen gabas. Dogo ya damƙe ƙotar fartanya har jijiyoyin hannunsa suka miƙe. Mai yankan da ke kusa da shi abokinsa ne tun suna yara, ya ƙi ɗago kai. Dogo ya dube shi, ya dubi fartanyar, sai ya wurga ta cikin ruwa, ya shiga tsakiyar alkamar ya zauna.

"To ku yanke da ni."

Suka yi cirko-cirko. Ana cikin haka babur ɗin malamar ya tsaya, ta sauko da gudu.

"Ku dakata! Kuna girgiza ta, iska na kwashe ƙurar cutar zuwa gaba!"

Ta kutsa cikin gonar, ta jawo kara biyu da ke jingine da juna. Ɗaya ya yi ja har wuya. Ɗayan kore shar, ko ɗigo babu.

"Baba, duba. Ba iri ɗaya ba ne a nan, suna da yawa. Wasu sun kamu, wasu cutar ta kasa shigarsu."

Kawu ya murza ganyen koren, ya duba yatsunsa. "Kin tabbata baɗi ma haka za su yi?"

"Ban tabbata ba, Baba. Sai an gwada. Amma in kuka yanke, babu abin da za a gwada."

Kawu ya saɓa laujensa ya juya, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kusan rabin gonar ya riga ya kwanta.

Dogo da malamar suka wuni suna ɗaura tsumma a kan masu lafiya don a gane su ranar girbi. Abin da aka girbe daga cikinsu bai cika buhu ba, ta tafi da kaɗan wurin gwaji.

Kawu bai sake yi wa Dogo magana ba har lokacin shuka. Ranar nan sai ga matar Kawu da ƙaramin kwano a ƙofar gida. Dogo ya cika mata shi da irin, ya ce ta gaya wa Kawu kada ya tsince, ya shuka su a gauraye.