Ƙarar Ƙofar Kawu Audi

Kwamfuta ɗaya. Lasifika biyu a naɗe cikin zannuwa. Na'urar ɗaukar sauti mai girman tafin hannu. Abin saurare na kunne. Jaka cike da wayoyi. Tufafi kaɗan. Abin da na ɗauro ke nan a kan moto biyu, wato baburan haya, muna ratsa unguwar Miskine za mu shiga unguwar Kilomita Biyar.

Mai moto ya tambaye ni da yaren Sango mene ne a cikin zannuwan. Na ce lasifika. Ya kalle ni ta madubi.

Ina yarinya aka fitar da ni daga ƙasar, lokacin rikici. A Toulouse ta Faransa na yi makaranta, na koyi aikin sauti. Na dawo ne don kakata Inno ta ce tana son gani na tun idonta na gani. Kawu Audi, ƙanen mahaifiyata, ya ba ni ɗakin ajiya na bayan shagonsa a Titin Koudoukou. Na ture buhunan shinkafa gefe, na kafa kayana.

Kiɗan da nake yi sunansa drum and bass. Ganga tana gudu a sama, a ƙasa kuma akwai gurnani mai nauyi da ake kira bes. Ganga ba ta ba ni wahala. Bes ɗin ne aikin. Ana son ya fito a dagule, a fashe, yadda mutum zai ji shi a ƙirji kafin kunnensa ya kama.

A ƙofar shagon na same shi. Ta ƙarfe ce, irin wadda ake jawowa daga sama. In Kawu zai tafi sallar azahar yakan sake ta ta daki ƙasa. Na ɗauki sautin wannan dukan a na'ura. Na ja shi ya yi tsawo, na saukar da muryarsa, na yanke ƙarar sama. Na yi masa tagwai, na karkatar da ɗaya kaɗan don su riƙa gogar juna. Sannan na matsa shi har ya tsage, na sake ɗauka, na sake matsawa. Kwanaki ina wannan da abin saurare a kunne. Amma abin kunne ƙarya yake yi a kan bes. Sai lasifika ke faɗin gaskiya.

Wata rana da la'asar na haɗa lasifikan, na ɗaga ƙara.

Bugu ɗaya, biyu. Sai na ji ƙofofin shaguna suna faɗuwa a jere. Na leƙa. Titi ya watse. Mai soya makala, wato fanke, ta bar kaskonta a wuta. Wani moto na kwance, tayarsa na juyawa. A cikin gida na tarar da Inno a ƙarƙashin gado tana salati.

Kawu ya shigo yana haki. “Ke Hureira, me kika tayar mana?”

“Kiɗa ne, Kawu.”

“Kiɗa? Mu nan mun san wannan ƙarar, ta manyan bindigogi ce. Mun binne mutane a bayanta.”

Na kashe. Ya fita ya bi maƙwabta ɗaya ɗaya yana ba su haƙuri, yana cewa 'yar yayarsa ce ta zo da wani abu daga Faransa. Da yawansu ba su ma buɗe ƙofa ba.

Washegari wani ya zo. Dogo, da farar riga mai guga, yana ƙamshin turare. Kafin ya ƙaraso Kawu ya raɗa mini ko wane ne. Sharafaddeen. Lokacin rikici yana cikin samarin da suka tsare hanyoyin unguwa. Bayan rikici suka ci gaba da tsare shaguna suna karɓar kuɗi, ko mai shago ya nema ko bai nema ba. Da gari ya lafa, 'yan kasuwa suka ce sun gode, ba sa bukata. Yanzu hayar manyan lasifika yake bayarwa a wurin biki.

“'Yar Faransa!” in ji shi. “Ke ce kika sa Alhaji Abdulsamad ya tsallake kwata da tumbinsa? Wallahi da na gani da na biya.”

“Kuskure ne, Yaya.”

“Wane kuskure? Gwaninta ce. Mu ma 'yan sana'a ne. Ɗan kunna mini in ji. A hankali, kar tsohuwa ta sake shiga ƙarƙashin gado.”

Ya zauna a kan buhu, ya kife wayarsa kusa da lasifika. Na kunna ƙasa ƙasa. Ya saurara da ido a rufe.

“Cire gangar.”

“In na cire ganga ba abin rawa.”

“Cire dai.”

Na cire. Bes ya rage shi kaɗai, yana zuwa yana komawa. Ƙurar shinkafa tana tsalle a kan buhu.

“A manyan lasifikana, zai kai babban masallaci?”

“Zai wuce.”

“In aka sa shi a bayan katanga fa? Mutum zai gane daga ina yake fitowa?”

“Kunne ba ya gane inda ƙara mai zurfi take fitowa,” na ce. Amsar makaranta ce. Ta fita kafin in tauna ta.

Ya yi murmushi. “Ikon Allah. Zuba mini shi a waya, ƙanwata. Muna da biki.”

“Bikin wa?”

“Ƙanen wani abokina.”

“Yaushe?”

“Ana shiri.”

“Amarya ce ke son bes ba ganga?”

Ya yi dariya har da dukan cinya. “Kawu Audi, 'yar nan taka 'yar sanda ce!”

Na ce ban gama aikin ba, kuma ba na ba da abin da ban gama ba. Na zaci zai matsa. Bai matsa ba. Ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a. Ya ɗaga wayarsa. Kafin ya jefa ta aljihu na ga jan ɗigo yana ƙiftawa a fuskarta.

Ya tafi yana gaisawa da mutanen titi, kowa da sunansa.

Kawu ya ce, “Naɗe kayan nan ki sa a ƙarƙashin buhu. Magana ta mutu.”

“Ya ɗauka a waya.”

“Kin tabbata?”

“Na ga ɗigon.”

“Waya za ta iya abin da naki ya yi?”

“Ba duka ba. Amma a lasifikansa, ga mutanen da suka gudu jiya, ya isa.”

Kawu ya zauna inda Sharafaddeen ya tashi. Ya daɗe yana murza hularsa. “Wataƙila bikin ne da gaske.”

“Wataƙila.”

“Ko kuwa wata safiya a ji shi a bayan kasuwa, kowa ya gudu ya bar shago a buɗe. Kwana biyu su zo su ce, kun gani? Kun kore mu.” Ya ɗago kai. “Kuma kowa ya san daga ɗakin wa ƙarar ta fara fitowa.”

Ba ni da shaida. Jan ɗigo ne kawai da tambayoyi. Ba wanda zan kai wa ƙara da wannan. In na goge abin daga kwamfutata, nasa yana nan. Abin da ya kori mutane jiya shi ne ba su san mene ne ba.

Aka kira magariba. Kawu ya miƙa hannu zai jawo ƙofa, na riga shi. Na sake ta ta daki ƙasa. Mai makala ta waiwayo, ta ci gaba da suya. Wannan ƙarar ta san ta.

Na ce, “Kawu, gobe da hantsi ka tara mini masu shaguna, har da Alhaji Abdulsamad. A fito da Inno a kan kujera. Zan ajiye lasifika a bakin titi, ka saki ƙofar nan a gabansu, in mayar da ita wancan abin suna kallo. Zan yi ta maimaitawa har yara su fara kwaikwayo da baki.”